Yadda ɗan takara ya leƙo mu ta silin da tsakar dare

Ni malamin lissafi ne, shekarata 11 ina riƙe da alli a sakandare, babu irin kusurwar da ban zana a allo ba, shi ya sa ranar da Baba kafinta ya tsaya a tsakar gidana a Ɗorayi yana gaya min wai kwarin rufi ba aikin yara ba ne sai naji abin ya ɗan sosa min rai. Nace a zuciyata mutumin da ko faitagoras bai taɓa ji ba shi zai koya min yadda layi biyu suke haɗuwa.

Gidan nawa da miƙaƙƙe ne, falo da ɗaki biyu, kwanon na zubar da ruwa gaba da baya lafiya lau babu ruwan kowa da kowa. Da na ɗauki adashi sai na ƙara ɗaki ɗaya a gefe dan uwargida ta daina min mitar yara sun girma, ginin ya koma kamar harafin L. To inda rufin sabon ɗakin ya zo ya haɗu da tsohon, nan ne ake samun wani lungu mai gangarowa tun daga ƙololuwa har bakin kwano, ruwan gefe biyu duk nan yake taruwa kafin ya sauka. Shi ne kwarin, su kafintoci gota suke ce masa. Baba ya gama katako ya buga kwanon ɗaki tsaf, saura wannan lungun kawai, sai yace in kawo 45,000: katako biyu masu faɗi da za a shimfiɗa a ƙasa, falle ɗaya dogo na alminiyam wanda zai tafi daga sama har ƙasa babu haɗi, sai ladan hannunsa. Nace haba Baba, ai mun gama ciniki tun tuni. Yace Malam cinikin ɗaki muka yi, na kuma gaya maka tun ranar akwai kwari. Tsakani da Allah ya faɗa ɗin, ni ne lokacin hankalina yana kan kuɗin bulo. Amma wa zai yarda ya sha ƙasa a gaban matarsa da ke leƙe ta tagar kicin. Nace ya bari kawai zan ƙarasa da kaina. Bai yi musu ba, ya tattara zarto da guduma da almakashin kwanonsa a buhu, ya ɗaure a bayan keke yace Allah ya ba da sa'a Malam, lambata dai tana wayarka.

Daren nan data ta dubu ɗaya na saka na shiga YouTube. Na samu wani Bature a Amurka da ɗamarar kayan aiki a ƙugu, yana tafiya a kan rufi kamar yana yawo a falonsa. Su nasu rufin ba kwano ba ne, wasu fallaye ne masu laushi kamar tabarmar roba, kwalta ce aka barbaɗa mata tsakuwa, shingil suke ce musu, kuma a ƙarƙashinsu katako ne shimfiɗe ko'ina babu rami. Yace kwari iri 3 ne. Akwai wanda ake saƙawa, fallen dama ya haye hagu na hagu ya haye dama kamar kitso. Akwai wanda gefe ɗaya ke hayewa, ɗayan a yanke shi a miƙe. Sai wanda ake barin tsakiya a buɗe da ƙarfe a kwance ruwa na bi ta kansa. Kafin duk wannan kuma yana fara shimfiɗa wata leda mai manne, faɗin inci 36, saboda su ƙanƙara ke taruwa musu a wajen ta narke ta koma ciki. Ina kwance ina gyaɗa kai, uwargida tace Abban Ummi lafiya kake magana kai kaɗai, nace ki yi barcinki, ilimi nake ɗauka.

Na kitson nan shi ya fi burge ni. Washegari bayan an tashi daga makaranta na hau adaidaita sai Ƙofar Ruwa, na tsaya gaban wani mai kayan rufi nace shingil nake so. Ya ɗauko min wani falle mai yashi-yashi a jiki, irin wanda masu kuɗi ke sakawa a sababbin gidaje, na lanƙwasa shi yaƙi lanƙwasuwa, ashe ƙarfe ne, zanen jikin ne kawai ake kira shingil. Da ya faɗi kuɗinsa kuwa sai da na nemi benci. Nace to kwano fa, za a iya saƙa shi? Ya dube ni ya dubi yaron shagonsa, yaron ya juya baya kafaɗarsa na rawa. Yace Alhaji kwano mai tudu da kwari ta ina zai saƙu, sai dai ka sayi falle shimfiɗaɗɗe, mai kaurin 0.45 kake so ko 0.55? Nace wanne ya fi sauƙi. Nan idona ya faɗa kan wasu guntaye a jingine a bango, ragowar yanka, kowanne bai fi mita ɗaya da ɗan wani abu ba, faɗinsu kuma ɗan siriri. Kwarina mita 4 ne. Malamin lissafi ai ba a koya masa wannan, guda 4 sun isa har da canji. Na biya 9,000 har da kusa mai hula, na fito ina jin kamar na ci gasar Alƙur'ani, 36,000 cur ta tsira. Katakon shimfiɗa kuwa nace ba sai na je 'Yan Katako ba, ai ga katakan da kwano ke kai, me za a yi da ƙari.

Saura ledar Bature. Ita ma ban wahala ba, akwai wata tsohuwar banar kamfen ta zaɓen 2023 da muke rufe injin janareta da ita, mai kauri ce ruwa baya ratsa ta, da hoton ɗan takara ƙato yana murmushi haƙora a waje ya ɗaga yatsa sama. Nace wannan ai ta fi ta Amurka.

Ranar Asabar na kira ƙanin matata, Auta, wanda ya gama sakandare yana jiran sakamako ba shi da aiki sai cajin waya. Muka aro tsanin masallacin layinmu. Kuma kun san dai a Kano ba a hawa rufi haka kawai, sai an aika yara gida-gida sun ce za a hau sama, dan matan maƙwabta su kintsa. Na aiki Ummi da ƙaninta. Ashe su abin da suka riƙa faɗa a kowane gida shi ne wai Abbanmu ya kori kafinta zai yi da kansa. Kafin in taka matakala ta uku layin ya cika da yara, har da wani tsoho da ya fito da kujerarsa.

Watan Afrilu ne fa jama'a. Wanda ya san Kano ya san abin da nake nufi, wanda bai sani ba ya ɗora tafin hannunsa a kan kaskon mai ƙosai ya ƙirga goma. Ƙarfe 10 na safe muka hau, zuwa 11 kwanon nan ya zama wuta, silifas ɗina har wani danƙo yake yi. Ga shi daga ƙasa rufin kamar ba shi da tsayi, amma da na hau na leƙo sai naga Ummi ta koma kamar 'yar tsana, gwiwoyina suka fara kaɗawa da kansu ba da izinina ba. Baturen nan tafiya yake a tsaye, ni kuwa da rarrafe nake yi ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina har da ta shiga kasuwa.

Muka shimfiɗa banar a cikin kwarin, fuskar ɗan takara na kallon ƙasa dan kada rana ta cinye shi, ko ba komai ya taɓa ba mu atamfa. Tunda babu katako a ƙarƙashi sai ta ɗan yi ciki tsakanin katakan, nace ba komai ƙarfe zai rufe. Sai batun guntayen. A nan ne fa aka yi ta. Bakin rufin can ƙasa shi ne wajen da in ka zame sai tsakar gida, ni kuma ban shirya zuwa wajen da wuri ba, dan haka nace Auta mu fara daga sama mu riƙa gangarowa a hankali, in mun kai ƙarshe sai mu sauka gaba ɗaya, an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Na kwantar da na farko a ƙololuwa na buga. Na kawo na biyu na ɗora bakinsa a KAN na farko. Na uku a kan na biyu. Auta ya ɗan yi jim yace Yaya anya ba na sama ne ya kamata ya hau na ƙasa ba? Nace kai da ko sakamakonka bai fito ba, miƙo min kusa. Haɗin ma ɗan yatsa biyu na bari saboda guntayen su kai. Da iska ta ɗan ɗaga ɗaya kuwa sai na samu tsakiyar kwarin daidai inda ruwa zai bi na jera masa kusa 6 reras, kowacce na yanko tsohon silifas na saka mata a wuya. Sannan muka janyo bakin kwanukan gefe biyu muka haɗe su kusan baki da baki dan kada a ga ƙarfen, ya fi kyau a ido.

Wajen ƙarfe 1 muka gama, na rarrafa bakin rufi na zura ƙafa ina laluben tsani, ƙafa na lilo a iska. Babu tsani. Ashe ladan ne ya aiko a ɗauka, lasifikar masallaci ta ƙi magana ga azahar ta gabato. Minti 40 muka yi a saman nan, ba dama ka zauna ba dama ka tsaya, sai dai ka riƙa sauya ɗuwawu kamar mai gasa gurasa. Auta ya cire rigarsa ya zauna a kai, ni girma ya hana ni, ga matan maƙwabta sun gaji da zaman ɗaki wata na ɗaga murya daga bayan katanga wai Malam a taimaka a sauko muna da wanki. Uwargida ta fito ta yi tagumi tana kallona tace sannu Injiniya, in miƙo maka abincin can ne? Daga ranar sunan ya bi ni.

Ruwan farko da na biyu duk yayyafi ne mai kwantar da ƙura, ko ɗigo ba mu gani ba. Ai kuwa majalisa ta ji a jikinta. Duk wanda ya zauna sai na ba shi labarin yadda masu sana'ar hannu ke cutar mutane da yadda na gama aikin 45,000 da 9,000, har wani abokina ya fara cewa zan zo in duba masa nasa. Ban san lokacin ɗan takara ne yake ta tara min ruwan a cikinsa yana tsiyayar da shi kaɗan-kaɗan ta kan bango ba.

Sai Agusta ta shigo. Wani dare wajen ƙarfe 2 hadari ya taso daga gabas da iskar nan mai buga ƙofofi, aka sake ruwa kamar da bakin ƙwarya. Mun koma sabon ɗakin da kwana saboda ya fi iska. Cikin barci naji abu ɗis a goshina, na share na gyara kwanciya, na ji wani ɗis a cikin kunne. Na kunna fitilar waya na haska sama, sai naga silin ya yi wani tulu kamar cikin wata tara, yana ta ƙara girma ina kallo. Na taɓa uwargida nace Maman Ummi tashi a hankali kada ki yi ihu. Ta buɗe ido ta ga abin ta yi ihun. Muka fara jan katifa, ta ɗauko bokiti, na ɗauko bahon wanki, Ummi ta kawo tukunyar tuwo, ƙaninta ya kawo kofin shayi shi ma a dole yana taimako. Ni kuma da hikimata nace bari in huda tulun da tsinken tsintsiya ruwan ya sauka a hankali cikin baho. Ina taɓawa fallen silin ɗin gaba ɗaya ya ɓalle ya faɗo min a ka, da ruwa da ƙurar shekaru da kashin ɓera da wata tsohuwar sheƙar tsuntsu.

Da na share ido na sake haskawa sama, wallahi sai da na ja da baya. Fuska ce ƙatuwa a cikin rufin tana kallonmu tana murmushi, kumatu sun kumbura da ruwa, yatsa a ɗage, ruwa na zuba ta daidai haƙoransa kamar famfo. Ƙaramin yaron ya ƙwalla ƙara yace aljani ya ruga bayan uwarsa. Uwargida ta tsaya da bokiti a hannu, ta dubi fuskar ta dube ni, tace to Alhamdulillahi, ai dama ya yi alkawarin kawo mana ruwa har cikin gida. Ni dai ban ce komai ba, ina tsaye da kwalin silin a wuya kamar wanda aka yi wa rataye.

A falo muka ƙarasa daren, kowa ya takure a kujera, ni kuma saboda ciwon sana'a na zauna ina lissafin abin da ya same ni. Ruwan sama milimita 1 in ya sauka a kan murabba'in mita 1, lita 1 ke nan. Rufin da ke juye wa kwarina ruwa, gefe da gefe, zai kai murabba'in mita 40. In an yi ruwan milimita 25 kawai, lita 1,000 ke nan, jarka 40 ta 'yan garuwa, kura uku da ɗoriya, duk ta wannan ɗan lungun da na toshe da bakin kwano na huda da kusa 6. Lissafin da ya kamata in yi a watan Afrilu sai ga shi ina yinsa a Agusta da jiƙaƙƙen wando.

Da asuba bayan an sallame na fi minti 10 ina kallon lambar Baba kafin in danna. Yana ɗauka ko gaisuwa ba mu gama ba yace Malam ya kwanan ruwa? Nace Baba sai godiya. Yace ina nan tafe.

Ya zo da kekensa, ya hau tsani da buta a hannu, yace in biyo shi. Ya tsuguna a bakin kwarin ya daɗe yana kallo bai yi dariya ba, wanda da ya yi dariyar ma da ya fi min sauƙi. Sai ya tsiyaya ruwan butar daga sama, muna kallo ruwan ya gangaro ya iske bakin falle na biyu a tsaye yana jiransa, ya shige ƙarƙashi salin-alin ko ɗigo bai wuce ba. Yace Malam ka taɓa ganin kazar da gashinta ya kwanta daga wutsiya zuwa kai? Nace a'a. Yace to ita ka ƙera. Daga ƙasa ake farawa, na sama ya hau na ƙasa, haɗin kuma a ba shi kamar inci 6, ba wannan ɗan yatsa biyun naka ba. Ya taɓa kusoshin nan da silifas ɗinsu da rana ta riga ta ƙona sun farfashe, yace nan hanyar ruwa ce ba a buga mata komai, kusa can gefe take zama inda kwano zai rufe ta. Ya zura yatsa tsakanin bakin kwanukan da na haɗe ya zaƙulo ganyen darbejiya da leda baƙa da yashi cunkus, yace ka bar wa ruwa hanya ya wuce, kai kuma ka rufe masa ƙofa, ina kake so ya je in ba ɗakinka ba.

Yana cire guntayen yana ba ni labari, wai shi a cikin gari ya tashi gidan ƙasa mai azara, kakansa magini ne, kowace shekara kafin damina sai an hau soro an duba indararo an sake yaɓe, masu hali kuma a yi musu laso da katsin marina da gashin majema da dafara. Yace su mutanen da ba su taɓa gardama da ruwa ba, hanya kawai suke nuna masa. Ni dai ina riƙe masa guduma ina cewa haka ne Baba, haka ne Baba, irin yadda ɗalibaina ke yi min in ba su yi aikin gida ba.

Can dai na kasa haƙuri nace amma Baba ni fa Bature na gani ya yi a waya. Yace nuna min. Na buɗe masa, muka zauna a inuwar katanga yana kallo da tabaransa mai ɗaurin zare. Bai jin Turanci ko kaɗan amma minti 3 da farawa ya dangwala yatsa a kan gilashin yace to ga shi nan, daga ƙasa ya fara, ga katakonsa a shimfiɗe, ga kusarsa can gefe, wannan ai kafinta ne na gaske, kai ina kake kallo? Na duba da kyau. Daidai wajen ne ranar na tsallake gaba saboda ina tsoron data ta ƙare.

Sabon lissafi ya kama 78,000, dan yanzu har da silin falle 3 da kwano 2 da na lalata wajen ja, ga kaya sun ƙara kuɗi tun Afrilu. Ban nemi ragin ko sisi ba. Ya kawo katakonsa ya shimfiɗa, ya kwantar da falle ɗaya dogo mai faɗin ƙafa 2 ya ɗan tanƙwara gefunansa sama, ya ja zare ya yanke bakin kwanukan a miƙe ya bar hanya a tsakiya wadda tafin hannuna ke shiga, can ƙasa ma ta ɗan fi faɗi. Kafin la'asar ya gama, ya juye bokiti biyu daga sama, ruwan ya sauko shuuu ya zuba a tsakar gida daidai kan takalmana.

Banar kuwa da aka sauko da ita na naɗe zan kai bola, uwargida ta ƙwace tace a'a Injiniya, ba a yar da mai cika alkawari. Yanzu haka tana tsakar gida a shimfiɗe an shanya kuɓewa a kan fuskarsa, yatsan nan dai yana nan a ɗage yana nuna rufin.